Daga Ina Hasken Ya Fito?

 

A wannan karo wasiƙar wata baiwar Allah ce daga Maraɗi ta sa na ajiye abin da na yi niyyar rubutawa. Ta ce tana da ɗa mai shekara 17, wanda tun yana ƙaramar lakwal ba ya barin bangon kayensa ya huta da zane. Yau shekara biyu ke nan da ya koma zane a wayar salula, da wata manhaja mai suna ibis Paint, yana zana mutanen unguwa irin zanen nan na barkwanci mai manyan idanu da ƙananan ƙafafu. Duk wanda aka nuna wa a gida sai ya ce ma sha Allah, ya yi kyau. Ana nan sai wani mai buga ƴan littattafan tatsuniya na yara ya ce ya kawo masa samfuri, da alkawarin idan ya gamsu zai ba shi aikin littafi guda. Yaro ya kwana uku a kan zane ɗaya, ya kai. Mutumin bai yi minti ɗaya yana dubawa ba ya ce zanen a kwance yake kamar tabarma, ba shi da zurfi, bai kuma ƙara ko kalma ɗaya ba. Tun daga ranar, in ji uwar, yaron bai sake buɗe manhajar ba, mako uku ke nan. Abin da take tambaya shi ne: gaskiya mutumin ya faɗa, ko kuwa son karya gwiwar yaro ne kawai?

Ƴar'uwa, mutumin nan gaskiya ya faɗa, sai dai ya faɗe ta a dunƙule, yadda ba za ta amfani kowa ba. Ku kuma na gida, da mu duka iyaye domin halinmu ɗaya ne, ba ƙarya kuka yi ba da kuka ce ya yi kyau, amma yabon ma a dunƙule yake, shi ya sa shekara biyu ta wuce yaron bai san inda ɗakinsa ke yoyo ba. Batun hukuncin zana abu mai rai, wanda na san wasu iyaye za su tayar, na malamai ne kuma ba shi kika tambaya ba, don haka na bar musu shi.

Na daɗe ina kallon zanen da kika haɗo da wasiƙar. Ɗan ga-ruwa ne ɗauke da garwa biyu a sanda, yana wucewa ta ƙofar wani zaure, ga wata tsohuwa tana tuyar ƙosai a gindin dogon yaro, ga akuya tana leƙen kwanon. Layin yaron a tsaye yake, ba ya rawa. Fuskar ɗan ga-ruwan ta haɗa gajiya da fara'a, abin da ba kowane mai zane ke iyawa ba, akuyar kuwa duk wanda ya taɓa kiwo zai gane marar kunya ce. Wannan ita ce baiwar, kuma ba a sayenta a kasuwa. Abin da ya rage masa abin koyo ne.

Tambaya ɗaya na yi wa zanen, ita ce kuma nake so yaron ya riƙa yi wa kansa kafin ya ɗiga launi ko ɗaya: daga ina hasken ya fito? Garwar dama tana da duhu a gefenta na hagu, ta hagu kuma duhunta a dama yake. Hular ɗan ga-ruwan an zagaye bakinta da duhu ta ko'ina an bar tsakiyar da haske, sai ta kumbura kamar matashin kai. Bishiyar ba ta da inuwa a ƙasa ko kaɗan, alhali inuwar ce ta kawo tsohuwar gindinta. Wato ko dai rana uku ce a sama guda, ko kuma babu ko ɗaya. Idon mai kallo ba ya buƙatar an karantar da shi kafin ya ji wannan. Tun daga haihuwa yake ganin duniya da rana ɗaya, saboda haka da zarar inuwoyi sun saɓa wa juna sai ya ƙi yarda cewa abubuwan suna da jiki. Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965, ya tabbatar a cikin Kitabul Manazir, littafin da ya rubuta a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021, cewa gani na samuwa ne idan haske ya taso daga jikin abu ya shiga ido, kuma haske a miƙe yake tafiya. Duk ilimin inuwa a kan wannan miƙewar ya ginu: inda haske ya isa sai ya haskaka, inda wani abu ya tare shi sai duhu.

To ɗana, da kai nake yanzu. Ajiye wayar tukuna. Ɗauki tulu ka ajiye a tsakar gida da hantsi, ka zauna ka kalle shi minti goma ba tare da ka zana komai ba. Gefen da ke fuskantar rana yana da haske, kuma idan tulun a jiƙe yake za ka ga wani ɗan ƙyalli a wuri ɗaya. Bi cikin tulun da ido har inda hasken ya ƙare. Nan ne abin mamakin yake: wurin da ya fi duhu ba can ƙarshen gefen tulun ba ne, a'a, wata ɗamara ce da ke biye da inda haske ya tsaya, bayanta kuma jikin tulun ya sake ɗan washewa, domin rairayin tsakar gida ya karɓi hasken rana ya mayar masa da shi, har da ɗan ja-ja irin na ƙasar. Masu koyo kusan duka suna kuskure a nan, suna kai mafi duhun launi can bakin layi, sai abin ya yi kama da faranti maimakon tulu. Sa'an nan dubi ƙasa. Inuwar da tulun ya jefa tana kwance ne a kishiyar rana daidai, bakinta a yanke yake kamar da wuƙa kusa da gindin tulun, yana ɗan dusashewa yayin da take nisa. A ƙarshe sunkuya ka dubi inda gindin ya taɓa ƙasa, za ka ga wani siririn duhu wanda ya fi kowane duhu a wurin, domin haske ba ya samun hanyar shiga ta ko'ina. Wannan siririn duhun shi ne ke dasa abu a ƙasa. Ƙafafun ɗan ga-ruwanka ba su da shi, shi ya sa yake kamar yana shawagi da garwa biyu cike da ruwa.

Tsawon inuwa kuwa agogo ne, kuma mu ba baƙinsa ba ne. Duk ɗalibin da ya karanta babin lokuta ya san la'asar tana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da ƴar inuwar da ta rage da tsakar rana. Maraɗi da Yamai kusan a layi ɗaya suke, wajen digiri 13 da rabi arewa da tsakiyar duniya, saboda haka sau biyu a shekara, a ƙarshen Afrilu da kuma tsakiyar Agusta, rana takan tsaya daidai bisa kai, inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafafunsa. Mai zanen da ya zaɓi tsakar rana, duhunsa a ƙarƙashi yake: ƙarƙashin hula, ramin ido, ƙarƙashin hanci da haɓa. Amma wa ke tuyar ƙosai da tsakar rana? Ko da safe ne ko da marece. Ka ga ashe labarin da kake bayarwa ya riga ya zaɓa maka haske tun kafin ka tambaya: rana tana ƙasa-ƙasa a gefe ɗaya, inuwoyi dogaye ne, duka sun kwanta sun nufi wuri guda, ta bishiya, da ta akuya, da ta sandar ga-ruwa. Kafin ka fara launi, zana ƴar kibiya a kusurwar zanen mai nuna inda rana take, kada ka goge ta sai ka gama.

Kada ka ji na lissafa waɗannan duka ka ɗauka sai ka zuba su gaba ɗaya a zanen barkwanci. Irin zanenka launi biyu ya ishe shi a kowane abu: launin asali, da launin inuwa guda ɗaya mai yankakken baki, kamar yadda masu zanen majigin yara na Japan suka saba yi. Wahalar ba a yawan launukan take ba, a sanin inda iyakar za ta bi take. Garwa mai kusurwa huɗu ce, kowace fuska tata launi ɗaya take ɗauka, iyakar kuma a kan kusurwar take, kaifi ƙwarai. Kumatun tsohuwa da cikin akuya masu lanƙwasa ne, iyakarsu tana bin lanƙwasar. Babbar riga tana da nata lissafin, domin ninkinta daga kafaɗa yake saukowa, inuwarsa dogayen tsaga ce masu faɗi a ƙasa da tsini a sama. Na lura ka yi amfani da burushin feshi a ko'ina, mai watsa duhu kamar hayaƙi. Wannan burushi ya ɓata zanen masu koyo fiye da kowane, domin yana ɓoye rashin yanke shawara. Wanda bai san inda inuwa ta tsaya ba sai ya fesa ta ko'ina ya huta. Rufe shi wata guda, ka yi aiki da burushi mai kaifin baki kawai.

Manhajar da ke hannunka tana da abin da ake bukata. Zane a waya ko a kwamfuta falle-falle ake yin sa, kamar takardu masu shara-shara da aka ɗora bisa juna, abin da Faransanci ke kira «calques». Layi a falle ɗaya, launin asali a wani, inuwa a nata fallen dabam, yadda idan ta ɓaci za a goge ta ba tare da an taɓa sauran ba. Fallen inuwar a sa shi a yanayin da ake kira «produit» ko «multiplier», gwargwadon manhajar, wanda ke sa duk launin da aka shafa ya duhunta abin da ke ƙarƙashinsa ba tare da ya rufe shi ba. Akwai kuma maɓallin da ke ɗaure falle na sama da na ƙasa don kada fenti ya tsallake gefen sura. A Photoshop sunansa «masque d'écrêtage». Krita, wadda kyauta ce kuma tana da Faransanci, tana yin duk waɗannan. Na faɗi haka ne don kada a ce wa iyaye sai an sayi sabuwar na'ura; matsalar wannan zane ba ta na'ura ba ce.

Sai launin inuwar kanta. Ka yi taka da baƙi da ruwan toka, sai komai ya yi kamar an shafa masa gawayi. Fita ka dubi dattijo mai farar riga a zaune a inuwa da rana: kafaɗunsa shuɗi-shuɗi ne, domin inda rana ba ta kai ba sararin sama ne ke haskawa, ƙasan hannun rigar kuma ruwan ƙasa ne saboda rairayi. Don haka a fallen inuwa gwada shuɗi mai sirkin shunayya, marar ƙarfi, ka ga yadda zanen zai yi numfashi. Fatar mutanenmu kuma tana son kulawa ta musamman, domin yawancin darussan da yara ke kallo da farar fata ake yin misali a cikinsu. Baƙar fata ba da ƙarin duhu take nuna siffarta ba, da ƙyalli take nunawa: a goshi, a ƙashin kumatu, a doron hanci, a kafaɗar mai aikin ƙarfi da ke zufa. Dubi rawanin turkuɗi yadda yake walƙiya a kan ninkinsa, ka ɗauki darasi. Ɗigo uku na haske a fuskar ɗan ga-ruwan nan za su yi masa abin da feshin baƙi bai yi ba.

Duk da haka ba zan bari a tafi da cewa zurfi a inuwa kaɗai yake ba, domin da haka ne da manyan gwanaye sun faɗi. Hergé, ɗan ƙasar Beljiyam da ya fara Tintin a 1929, launukansa a shimfiɗe suke, da wuya ka ga ya duhunta fuska ko tufafi, salon da daga baya, a 1977, wani mai zane ɗan Holand, Joost Swarte, ya raɗa wa suna «ligne claire». Amma buɗe kowane shafi nasa, za ka san wa ke gaba, wa ke baya, da nisan da ke tsakaninsu. Namu na gida ma, Moustapha Alassane, haifaffen N'Dounga a 1942, wanda ya rasu a 2015, ya fara ne da wasan inuwa da fitila tun yana yaro, ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada wurin Norman McLaren, amma fim ɗinsa Bon voyage Sim na 1966, labarin shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, layi ne zalla marar ado. Mutumin da ya san inuwa tun yana yaro ya ajiye ta da gangan domin labarin bai neme ta ba. Bambancin wanda ya bar inuwa don ya zaɓa da wanda ya bar ta don bai sani ba, a jeren abubuwa ake gane shi.

A zanen yaronmu, ɗan ga-ruwa da tsohuwa da akuya duka ƙafafunsu a layi ɗaya suke, girmansu ɗaya, babu wanda ya tare wani, kamar an jera su za a ɗauki hoton katin ɗan ƙasa. Hanya mafi arha ta samar da zurfi ita ce wani abu ya shiga gaban wani: garwa ta rufe rabin ƙofar zaure, wuyan akuya ya gitta gaban kwano. A guji abubuwa biyu su taɓa juna baki da baki kawai, kamar yadda ƙarshen sandar ya tsaya daidai a jikin bishiyar, har mai kallo ya rasa ko a gaba take ko a jikinta aka kafa ta. Abin da ya ninka nisa, rabin girmansa ake gani, ƙafafunsa kuma suna hawa sama a takardar. Idan mai kallo a tsaye yake a fili mai lebur, kawunan manyan mutane na kusa da na nesa kusan a layi ɗaya suke, wato layin da sama ta haɗu da ƙasa, ƙafafu ne ke sauyawa. Wannan lissafi Leon Battista Alberti ya rubuta shi a Italiya tun 1435, bayan gwaje-gwajen Brunelleschi a birnin Fulorans, kuma yaro na iya tabbatar da shi da idonsa a bakin kowace kasuwa. Layi ma yana da nauyi: na abin da ke kusa ya yi kauri, na nesa ya sirance.

Akwai wani malami da muke da shi kyauta wanda Turawa sai sun hau duwatsu suke samun irinsa, shi ne hazon hunturu. Leonardo da Vinci ya yi bayanin yadda iska ke sa abin nesa ya dusashe ya koma shuɗi-shuɗi. A wurinmu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ba sai an je nesa ba: bishiyar ƙofar gida kore ce shar, ta ƙarshen layi ta koma toka-toka, hasumiyar masallacin wata unguwa kuwa kamar an zana ta da ruwan koko. Mai zane sai ya raba hotonsa gida uku, gaba da tsakiya da baya, ya ba na gaba mafi ƙarfin launi da mafi tsananin bambanci tsakanin haske da duhu, na baya ya kwantar da shi. A kamfanin Disney har na'urar ɗaukar hoto ta musamman aka ƙera, mai gilasai hawa-hawa, kowane da nasa zanen, aka yi aiki da ita a fim ɗin Blanche-Neige na 1937. Abin da ya ci musu dukiya a wancan zamani, yau falle uku ne a wayar yaro. Wanda yake son ganin wannan a unguwa irin tamu ya nemi Aya de Yopougon na Marguerite Abouet da Clément Oubrerie, wanda ya fito a 2005 ya kuma ci kyautar littafin farko a bikin Angoulême na 2006. Labarinsa na manya ne, iyaye su duba kafin su miƙa wa ƙananan yara, amma titunan Abijan da ke cikinsa makaranta ce ga mai koyon zane.

Kafin a kai zane gaban kowa, akwai jarrabawar da mai shi zai yi wa kansa. Ya cire launi gaba ɗaya ya mayar da hoton fari da baƙi. Na yi wa zanen ɗanki haka, ƴar'uwa, sai jar rigar ɗan ga-ruwan da bangon zauren da zanin tsohuwar duk suka zama toka iri ɗaya, mutumin ya narke cikin bango. Launukan sun bambanta, amma nauyinsu ɗaya, kuma ido nauyi yake fara karantawa kafin launi. Wannan shi ne tabarmar da mai buga littafin ya gani ya kasa faɗa. Ya kuma ƙanƙance hoton ya zama kamar kan sarki na wasiƙa, ya ga ko har yanzu ana gane abin da ke faruwa. Sa'an nan ya juya shi dama ta koma hagu, kamar a madubi, domin idon da ya kwana uku a kan abu ya saba da karkatarsa.

Yanzu batun neman gyara, wanda shi ne asalin ciwon. Wanda ya miƙa zane ya ce «yaya ka gani?» ya riga ya zaɓi amsarsa, domin Bahaushe mai kunya ba zai ce wa ɗan mutane abinsa bai yi ba. Tambayar da ke haifar da amfani ƙarama ce, mai baki ɗaya. Ina idonka ya fara sauka? Wane lokaci ne na yini a hoton nan? Wa ya fi kusa da kai, tsohuwar ko mai ruwan? Waɗannan ba sa bukatar gwani. Kaka ma za ta amsa, ƙanensa ɗan shekara shida ma zai amsa, kuma idan mutum uku suka ba da lokaci uku dabam-dabam, an san hasken bai zauna ba. A nan ne iyaye ke da aiki, ko da ba su taɓa riƙe alƙalamin zane ba. Maimakon «ya yi kyau», uwa ta faɗi abin da ta gani da sunansa: akuyar nan ta ba ni dariya, amma ban gane ko tsohuwar a cikin inuwa take ko a rana ba. Yabo irin wannan yaro na yarda da shi, domin ya ga an duba.

A kamfanin Pixar na Amurka, masu fim ɗin Toy Story na 1995, akwai wata majalisar gwanaye da ke kallon kowane fim tun yana ɗanye. Ed Catmull, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya bayyana a littafinsa na 2014 cewa majalisar tana faɗin inda take ganin matsala ba tare da ɓoye-ɓoye ba, amma ba ta da ikon tilasta wa mai fim yadda zai gyara. Wannan tsari ya burge ni, domin mai kallo kusan kullum yana da gaskiya idan ya ce wuri kaza ya dame shi, amma sau da yawa maganin da yake bayarwa ba shi ne ba. Wani zai ce ƙara duhu, alhali abin da ake bukata shi ne a rage launin bango. Don haka ɗana, ka karɓi ciwon da aka nuna maka, ka nemi maganin da kanka. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba. Idan kuwa ka sami wanda ya fi ka hannu, ko malamin zane na lakwal, ko mai rubuta allunan shaguna wanda ya shekara ashirin yana sa harufa su tashi daga jikin bango da inuwa ɗaya tak, roƙe shi ya yi gyaran a kan kwafin zanenka, kana kallo. Minti biyar na wannan ya fi dogon bayani. Kada kuma ka kai zane sai ya ƙare. Kai shi tun yana fari da baƙi, lokacin da rushewa ba ta da zafi. Wanda ya zagi zanen bai nuna wuri ba, ka tambaye shi sau ɗaya cikin ladabi ya nuna da yatsa, in ya kasa ka wuce.

Tun da aikin na bugawa ne, a san cewa gilashin waya haske yake fitarwa, takarda kuwa tawada huɗu take sha, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, saboda haka abin da ke walƙiya a waya yakan fito a dushe, wurare masu duhu kuma su haɗe su zama dunƙule ɗaya, musamman a takarda mai arha. A bar inuwa ta ɗan fi haske fiye da yadda ido ke so a waya. Shafin A4 yana bukatar ɗigo 2480 a faɗi da 3508 a tsawo idan ana son bugu mai tsabta, kuma a fara zanen da wannan girman tun farko, domin ƙaramin hoto ba ya miƙuwa. In za a aika ta WhatsApp a aika shi a matsayin takarda, ba a matsayin hoto ba, don kada manhajar ta matse shi.

Abin da nake roƙonki, ƴar'uwa, kada ki ce masa ya manta da mutumin nan, kada kuma ki ce ya fara sabon zane. Wannan zanen dai na ɗan ga-ruwa zai koma wa. Ya bar layinsa yadda yake, ya matso da mai ruwan gaba ya ƙara masa girma, ya tura tsohuwar baya ƙarƙashin bishiyarta, ya goge fallen feshin nan gaba ɗaya. Sa'an nan ya yi inuwar sau uku a falle uku: ɗaya rana tana fitowa daga dama, ɗaya tana bisa kai, ɗaya tana faɗuwa ta hagu. Ya buga ukun a takarda, ko da fari da baƙi ne a shagon fotokofi, ya shimfiɗa su a tabarma ya kira mutanen gida su faɗi lokacin kowanne. Ranar da kakarsa ta nuna ɗaya ta ce wannan ƙosan safe ne, ya ɗauki wannan ɗin da tsohon zanen tare ya koma wurin mai buga littafin, ya ajiye su gefe da gefe a teburinsa, ya ce: Baba, ga shi na sake, a nuna mini inda ya rage. Ina jiran wasiƙarki ta biyu, a haɗo mini da ukun duka.